Ranar da Kuzman Ya Gasa Kube

A ƙauyenmu ba a taɓa jin Kuzman ya ce bai iya abu ba. Shekara talatin ya yi yana huda tikitin fasinja a jirgin ƙasan da ke zuwa birnin Varna, amma in ka zauna da shi minti biyar sai ka rantse shi ya ƙera jirgin ya kuma shimfiɗa masa dogo. Da ya yi ritaya ya dawo gida, aikinsa na farko shi ne gyaran agogon coci, wanda ba wanda ya roƙe shi. Tun daga ranar agogon ke buga ƙarfe sha biyu sau uku a yini.

Abu guda ne ya gagare shi, shiga ƙungiyar mafarautan ƙauye. Su goma sha uku ne, kuma sau shida yana nema suna ƙi. Suna da hujjarsu. A shekarar farko sun tafi da shi dutse don gwaji, ya ɗirka wa tukunyar waken da suka ɗora harsashi, har gobe kuma yana cewa tukunyar ce ta motsa. Dokar ƙungiya ta ce wanda aka ƙi sau bakwai ba a ƙara sauraronsa, ga shi za a yi ƙuri'a ta bakwai ranar Lahadi. A bainar jama'a cewa yake su za su yi asara. Amma duk Lahadin hunturu, in maza suka haura dutse da karnuka bin aladen daji, shi kaɗai ake bari a layi, daga shi sai kaji. Yakan tsaya a taga har kukan karnukan ya ɓace, abin yana ci masa rai ƙwarai.

Ana saura kwana shida, ya tarar da Bai Zahari, shugaban ƙungiyar, a shagon Minco yana huci. Tsohon ya baje wani ruɓaɓɓen kuben fata a kan kanta. A ciki yake rataya libarbarsa, 'yar ƙaramar bindigar da aka ba shi kyauta ranar da ya ajiye aikin gadin daji, an zana sunansa a gefenta. Da ita yake ƙarasa alade in ya ji rauni.

"Dubi abin da ɓeraye suka yi mini," in ji Bai Zahari. "Shekara goma sha takwas ina shafa masa mai."

Kuzman ya ɗaga kuben da yatsa biyu ya yar. "Fata? Haba Bai Zahari, wa ke yayin fata yanzu? Roba ake yi. A ɗumama ta, a kifa a kan bindiga, a danne, ta huce, magana ta ƙare. Ka sa bindiga ka ji ƙas, ka zare ka ji ƙas."

"Ka taɓa yi?"

"Na ga an yi a waya. Minti bakwai ne kacal. Mutumin da ya yi ɗin ma na lura da kurakurai biyu a aikinsa."

Minco, mai shagon, wanda shi ne kuma magatakardan ƙungiya, ya daina auna sukari. "Allah ya sa dai kada wata rana ka ga ana tiyatar zuciya a wayar nan, mu shiga uku."

Aka kwashe da dariya. Bai Zahari kuwa bai yi dariya ba, ya shafa gashin bakinsa yana kallon Kuzman. "To, ji nan. In ka miƙo mini kube ranar Asabar, bindigata ta shiga lafiya ta fito lafiya, ranar Lahadi zan ɗaga maka hannu."

Kowa a shagon ya san inda hannun Bai Zahari ya nufa nan sauran sha biyun ke bi. Kuzman ya buga ƙirji ya ce a fara auna masa hular farauta.

Ran Alhamis motar aika saƙo ta kawo falle uku na baƙar roba mai tauri, da wata takarda da harshen waje cike da hotuna. Matarsa Ginka ta ɗauki takardar ta nesanta ta da idonta.

"Wannan hoton safar hannu ce. Wannan taga ce a buɗe. Wannan kuma ma'aunin zafi. Kana da su?"

"Taga dai muna da ita."

"Wannan tanderun girki ne, an ja masa jan layi. Wannan ƙoƙon kan mutum ɗin fa, da ƙasusuwa biyu?"

"Tambarin kamfani ne. Ke kawo nan, an rubuta ta ne don 'yan koyo."

Ya ninke takardar gida huɗu ya tokare ƙafar tebur da ita.

Lokacin gashin tattasai ne, matan layin duk suna tsakar gidan maƙwabciyarsu Donka suna haɗa lutenitsa, miyar tattasan da ake adanawa don hunturu, mai gasawa na gasawa, mai ɓare ɓawo na ɓarewa. Ginka na fita, Kuzman ya kulle ƙofar kicin, ya rufe taga kada iska ta ɓata masa zafi, ya murɗa tanderu har ƙarshe. Bai Zahari ya ce bindigarsa ba ta kwana a gidan kowa, don haka Kuzman ya zaɓo wata lanƙwasasshiyar kokwamba a lambu ta tsaya a madadinta. Ya shimfiɗa falle na farko a kan wayar tanderu, ya koma ɗaki ya sake kallon minti bakwai ɗin nan, don ya tabbatar da kurakuran mutumin.

Bai leƙa ƙasan tanderun ba. Can Ginka ta ajiye banitsa, wainar tanderu mai cuku, wadda ta gasa wa mata ta rana, tire guda, cuku har baki. Robar ta saki jiki, ta zurara ta tsakanin wayoyi, ta lulluɓe banitsar ruf. Kyanwa ce ta fara sanar da unguwa, ta fasa ragar ƙofa ta haye bishiya. Kuzman ya shigo kicin ya iske hayaƙi mai yaji, wanda ke kama maƙogwaro kamar an shaƙe mutum. Ya lalubi taga yana tari, hawaye na zuba.

Ginka ta iso a guje, hannuwanta ja wur da tattasai. Ta jawo tiren ta dube shi, ta dubi mijinta.

"Mene ne wannan?"

"Gwaji ne. Kowane babban aiki da gwaji ake fara shi."

"Banitsata ka yi wa kube?"

"Ki duba dai yadda ta zauna mata cif. Ko kusurwa ɗaya ba ta bari ba."

Ta ce in ya sake taɓa tanderun nan, ko da ido ne, zai koma kwana da kaji. Ta sa kwaɗo ta kulle kicin ta jefa mabuɗin a aljihun rigarta ta aiki. Ranar da burodi da albasa matan layi suka yi abincin rana, kuma da sunan Kuzman suka haɗiye kowace loma.

Ran Juma'a ya ce ai tanderu ma tsohon yayi ne, gwanaye da dutsen guga suke yi. Ya fito da tebur baranda, ya kwantar da kokwamba, ya ɗora falle na biyu, ya rufa da mayafin teburin da surukarsa ta yi wa ado da zare tun kafin a haifi Ginka. Ya danna dutsen guga ya hau ƙirga. A kan arba'in ya ji ƙauri. A kan sittin ya ja dutsen, sai dutse da mayafi da roba da kokwamba suka taso tare, sun zama abu guda. Ya kai babban yatsa zai ɓamɓare, ya yi ƙara ya cusa yatsan a baki.

Donka ta leƙo ta saman shinge. "Sannu da aiki, injiniya. Kokwambar ta nuna, ko a ƙara mata wuta?"

"Ke ki ji da tattasanki. Wannan aikin maza ne."

"Ai na gani. Ko jiya mun ci aikin maza da albasa."

Ya tura gawar dutsen gugar ƙarƙashin tulin itace. Saura falle ɗaya, saura kwana ɗaya. Ya zauna a bakin baranda yana tsotsar yatsa, yana jin ƙamshin tattasai na tasowa daga gidan Donka, sai ya miƙe zumbur. Ashe maganin na nan a bayan shinge tun tuni. Cushkopek!

Kowane gida a layinmu na da nasa, mai kamar bokitin ƙarfe da rami a tsakiya, a jona a lantarki, cikin ramin ya yi ja kamar garwashi, a zura tattasai a tsaye a rufe, kafin ka gama gaisawa da maƙwabci ɓawon ya ƙone. Na kowa tattasai ɗaya yake ci. Na Donka uku yake ci a lokaci guda, shi ya sa ake ce masa Marsandi, kuma ko 'yarta ba ta yarda ta taɓa shi ba.

Asabar da hantsi Bai Zahari ya iso, Minco da mafarauta biyar na biye da shi, wai sun zo taya murna. Kuzman ya tarye su da faɗin fuska, ya ce yau a gidan Donka za a yi aikin, don jama'a su ƙaru. Mata bakwai na zaune kewaye da babban baho, cike da tattasan da suka kwana biyu suna ɓarewa. Donka ta shiga ɗakin ajiya ɗauko kwalabe.

Bai Zahari ya fito da libarbar daga tsumma, ya zazzage harsasai shida a tafinsa, ya ƙirga su da ƙarfi, ya zuba a aljihu ya maɓalle. Ya leƙa ramukan ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wa Minco shi ma ya leƙa, sannan ya kwantar da ita a kan benci.

"Haba Bai Zahari, ba ka yarda da ni ba ne?"

"Na yarda da kai. Harsasan ne ba su yarda ba."

Kuzman ya tanƙwara fallen ƙarshe da ƙyar, ya nufi Marsandi. Ginka ta ajiye wuƙarta.

"Kuzman, kada ka kuskura."

"Ke dai zuba ido. Turawan da suka ƙirƙiro robar nan da sun san da cushkopek, da tuni sun zubar da tanderunsu."

"Wannan wutar ta ninka ta tanderu sau nawa, kai ma ka sani!"

"Shi ya sa. Aikin minti bakwai zai koma na minti ɗaya."

Ya cusa robar a rami ya kifa murfi, ya juyo ya fuskanci jama'a, ya soma bayani a kan yadda zai buɗe masana'anta a tsohon garejin makaranta, har ya ɗauki Minco aikin shara. Bai kai ga albashin Minco ba murfin ya fara rawa. Wani hayaƙi mai ɗorawa-ɗorawa ya tuɗaɗo ta gefe, ya kwanta a tsakar gida. Wadda ke kusa ta fara tari, ta biyu ta kama, nan da nan mata bakwai suka watse suna toshe hanci da gyale. Mafarautan da ke tarar aladen daji gaba da gaba suka yi rige-rigen ƙofa.

Donka ta fito da kwandon kwalabe, ta ga abin da ke faruwa, ta saki kwandon. "Marsandina! Wayyo Allah, Marsandina! Me ka saka masa, la'ananne?"

"Kwantar da hankalinki, haka yake yi in ya kusa!"

Ya ɗage murfi, harshen wuta ya yi tsalle ya lashe masa gira ɗaya. Ya zura maƙatar tattasai, ta fito da wani baƙin abu mai yauƙi yana tafasa yana ɗiga, rabinsa kuma ya ƙi barin ramin. Ya ga abin na neman zubewa ƙasa, kuma daga shi babu wani falle. Ya saki maƙata ya tare shi da hannu biyu.

Ihun da ya yi har bakin kogi an ji. Amma a faɗi gaskiya, bai yar ba. Ya ruga da shi ya maka a kan libarbar, ya fizge hannuwansa da ƙyar, ya shuri matashin da Donka ke zama a kai ya faɗa bisa, shi kuma ya haye ya zauna daram.

"Matsi!" ya faɗa yana haki, hannuwa a hammata. "Sirrin duk a matsi yake!"

"Tashi daga kan bindigata!" in ji Bai Zahari daga bayan bishiyar inabi, hula a hanci.

"Saura daƙiƙa talatin!"

Daƙiƙa goma ya samu. Matashin siriri ne, zafin ya ratsa shi ya ratsa wando ya isar da saƙo. Kuzman ya tashi sama kamar an harba shi, ya sauka da ƙafa ɗaya a gefen baho, bahon ya yi adungure. Tattasan kwana biyu, na gida bakwai, ya malale a ƙasa har gindin shinge, kajin Donka suka yo kansa da murna. Ginka ce kaɗai ta tuna da lantarki. Ta zare wayar daga bango, ta tsoma buhu a kwamin ruwa ta danne bakin Marsandi har wutar ta mutu. Daga nan ta kamo mijinta ta ƙeya ta tsoma hannuwansa a kwamin, ta riƙe su a ciki tana faɗa masa abubuwan da ba zan maimaita ba.

Da hayaƙi ya lafa, Minco ya ɗauko abin da ke kan benci da shebur ya jefa a bokitin ruwa. Ya yi cuuu. Aka tsamo shi aka kewaye. Wani baƙin dunƙule ne kamar burodin da aka manta a wuta, yadin matashi mai furanni ya manne a gefe guda, ƙarshen mariƙin bindigar kaɗai ke leƙowa. Sunan Bai Zahari da kunamar bindigar da bakinta duk suna can ciki. Tsohon ya kama mariƙi, Minco ya kama dunƙule, suka ja har Minco ya zauna a cikin tattasai.

"Kun gani?" in ji Kuzman daga bakin kwami. "Kyan kube ai riƙo. Wannan ko da gudu kake ba za ta faɗi ba."

"In alade ya taso mini fa?"

"Sai ka jefe shi da ita. Ka ji nauyinta kuwa?"

Bai Zahari ya naɗe dunƙulen a tsumma kamar mai naɗe jariri, ya fita. Donka ta zauna a ƙasa ta rungume Marsandi tana kuka da gaske.

Nas ɗin ƙauye ta naɗe masa hannu biyu har gwiwa, suka zama kamar kabeji. Ta ce ya gode wa matarsa da ruwan sanyi, kuma duk wanda ya shaƙi hayaƙin nan in ƙirjinsa bai saki ba zuwa gobe ya tafi asibitin birni. Ta ƙara da cewa ya riƙa ɗaga hannuwan sama da kafaɗa, in ya sauke jini zai taru su yi masa zugi. Ya ce shi zugi ba ya kama shi. Kafin su kai gida ya gwada saukewa sau ɗaya, bai sake ba.

Ginka ta ce kada ya je taron Lahadi. Ya je. A ƙarƙashin babbar bishiyar dandali aka jera tebur, mutum goma sha uku a zaune, dunƙulen na tsakiya kusa da kwanon cuku. Kuzman ya tsaya a gabansu, gira ɗaya, hannuwa biyu a sama, ba ya iya zama saboda dalilin da kowa ya sani. Ya shirya dogon jawabi a hanya, amma da ya ga fuskokinsu sai ya ce kawai, "Ni dai ina so in riƙa binku ne. Ko bindiga kada ku ba ni. In riƙe karnuka."

Ba wanda ya yi dariya. Wani ya sunkuyar da kai yana wasa da cokali. Bai Zahari ya daɗe yana kallonsa, sannan ya yi gyaran murya ya tuna wa jama'a doka: in ba a sami mai goyon baya ba, kuma ba a sami mai ƙi ba, ba a lissafa shi a ƙi, sai a ɗage maganar zuwa baɗi. Ya faɗi haka a hankali, yana bin kowa da ido, har kowa ya gane nufinsa.

Minco ya miƙe da littafinsa. "Masu goyon baya su ɗaga hannu. Kai Kuzman, mai nema ba ya zaɓen kansa. Sauke naka."

Kuzman ya sauke. Ba hannun da ya tashi. Minco ya bi fuskokin sauran sha biyun ɗaya bayan ɗaya, bai gaggauta ba, ya tsaya ya goge tabarau, ya nemi alƙalami a aljihu uku. Jini ya gangara yatsun Kuzman ya fara bugawa. Ya cije leɓe. Gumi ya karyo masa. Ji yake kamar an sake zuba masa robar sabuwa.

"To," in ji Minco. "Waɗanda ba su yarda a ɗauki Kuzman ba."

'Yan ƙungiya duk suka ajiye hannuwansu a kan tebur, ba wanda ya motsa. Da ya ƙara daƙiƙa biyar da ya tsira. Sai ga kabeji biyu farare sun tashi sama, cak, su kaɗai a duk dandalin.

Wani ya fara tuntsirewa, ya ɗaga nasa yana share hawaye. Na kusa da shi ya bi. Kafin Kuzman ya ce zugi ne, hannuwa sun cika ƙarƙashin bishiyar, har da na Bai Zahari, wanda ya kifa kai a tebur kafaɗunsa na girgiza.

"Goma sha uku," in ji Minco yana nunawa da alƙalami, "sha huɗu, sha biyar. Tunda aka kafa ƙungiyar nan ba a taɓa samun ƙuri'a irin wannan ba."

Bai Zahari ya ɗago, idanunsa jawur. "Mun so mu ɗaga maka ƙafa, Kuzman. Kai ka riga mu da ɗaga hannu."

Kuzman ya juya ya kama hanyar gida, hannuwa a sama. Daidai lokacin aka taso daga coci, layi ya cika da mutane. Duk wanda ya hango shi sai ya ɗauka gaisuwa ce, ya ɗago masa hannu shi ma, har ya kai ƙofar gidansa.